Yawon Duniyar Goggo Mariyamu

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba. Karatu kawai na iya, shi ma a lungun ɗaki. Sau uku ina yage shafin nan na farko, har Inna ta tambaye ni ko ɓera ne ya shiga jakata. In kun ga na yi tsalle daga nan zuwa can, haka zuciyata take, ba ta iya zama wuri ɗaya.

Sunana Raliya. Mahaifina Malam Jiya tela ne a Limawa, cikin Minna, amma asalinmu Bida. Muna zaune da Kaka, mahaifiyar Baba. A da akwai ƙanwar Baba, Goggo Mariyamu, wadda ta dawo gidanmu bayan aurenta ya mutu. Ina shekara bakwai ta tafi. Abin da na riƙe nata kaɗan ne. Tana da wushirya. Tana goya ni duk da na wuce goyo. In jirgin ƙasa ya yi kuka kuwa, sai ta ja hannuna mu fita da gudu har bakin dogo mu tsaya kallo. Kullum tambayata ɗaya, "Goggo, ina zai je?" Ita ma amsarta ɗaya, "Inda ba a san mu ba."

Ranar da ta tafi ina makaranta. Bayan kwana biyu wasu maƙwabta mata suka shigo wajen Inna. Ina ƙarƙashin teburin keken ɗinki da littafina, ba su gan ni ba. Ɗaya ta rage murya ta ce, "Ai Mariyamu ta tafi yawon duniya." Ɗayar ta ce, "Allah ya shirya." Na ɗauka addu'a ce ake yi wa matafiyi, Allah ya shirya masa hanya. Daga ranar ba a ƙara ambaton sunanta a gidanmu ba, ni kuma na ce kewa ce ta hana su magana.

Ni ba na zama cikin hirar mata, da sun shigo nake neman lungu. Saboda haka maganar ta zauna a kaina yadda na ji ta: yawo, da duniya.

Ina aji huɗu na firamare na ga wani tsohon littafin taswira a wajen mai ƙosan layinmu, tana yagarsa tana naɗe ƙosai. Ta riga ta naɗe rabin Turai. Na kai mata tsofaffin littattafan rubutuna guda shida, ta ba ni abin da ya rage. Har yau akwai maiƙo a kan tekun Indiya. Da shi na fara neman Goggo. Nakan ɗora yatsa a kan Minna, in ja shi ta Ikko, in tsallaka ruwa, in ce yau ta kai nan.

Sai katunan suka fara zuwa, ina aji ɗaya na sakandare. Akwai wata mata Bagwariya daga Garatu, Mama Martha, da ke kawo wa Inna doya. Wata rana ta sauke kayanta daga kafaɗa, ta jira Inna ta shiga ɗauko kwando, ta zaro wani kati daga ƙugunta ta tura mini.

"Goggo naka ya ce in ba ka. Boye."

Hoton dalar Masar ne, da raƙumi a gaba. Ba a rubuta mini komai ba. A bayansa akwai wurin da aka goge da biro har takardar ta kusa hujewa. Na ce a raina matafiya ba su da lokacin rubutu.

Cikin shekara huɗu kati goma sha ɗaya na samu. Dutse mai hular dusar ƙanƙara. Garin da titunansa ruwa ne, mutane na zuwa unguwa a kwalekwale. Ganuwar ƙasar Sin tana bin tudu kamar maciji. Wani ruwa mai faɗowa daga sama yana hayaƙi. Na riƙa jera su a kan taswira ina haɗa su da zaren ɗinkin Baba. Hanyar ba ta da kan gado, daga Masar sai Japan, daga Japan sai Barazil, sai kuma ta dawo Kenya. Ban damu ba. Na ce haka masu yawo na gaske suke, ba sa bin layi.

Ni kuwa iyakata Bida, da salla, a tsakanin Inna da buhun shinkafa. Ko ruwan Gurara mai faɗowa daga dutse, da ke nan kusa, ban taɓa gani ba. Zama ya riƙa yi mini wuya. In ina wanke-wanke sai in ga na tsaya da kwano a hannu ina kallon duwatsun da suka kewaye garin, ina jin kamar su ne suka tare ni. In an aike ni sayen zare sai in bi ta tashar jirgin ƙasa, ko da yake jirgin ba ya zuwa sai an manta da shi, ciyawa ta rufe dogon. A ƙarƙashin gadona akwai wata leda da na haɗa hijabi biyu, da soso da sabulu, da silifa sabo. Na ce duk ranar da Goggo ta biyo ta Minna, ba zan ɓata mata lokaci ba.

A shekarar 2008, ina aji huɗu na sakandare, aka kawo mana wata 'yar bautar ƙasa daga Inugu, Malama Goodness, tana koya mana labarin ƙasa. Ta ce kowa ya rubuta labarin mutumin da yake burge shi, da Turanci. 'Yan ajinmu suka rubuta iyayensu da likitoci. Ni na rubuta Goggo, shafi bakwai. Na sa ta hau dutsen Kilimanjaro da zani biyu saboda sanyi. Na sa raƙumi ya gudu da ita a Masar, ta sha kansa da tsawa cikin Nufanci. Malama ta rungume ni a gaban aji, ni kuwa kamar in nutse. Ta ce zan karanta ranar rabon kyaututtuka, amma da Hausa, don iyaye su ji. Malamar Hausa tana hutun haihuwa, saboda haka ni na juya shi da kaina. Na ba Malama sunan labarin a 'yar takarda, ta kai aka buga cikin jerin abubuwan da za a yi. Hausarta ba ta wuce "ina kwana" da "zan dawo" ba.

Taron ranar Asabar ne. Ranar Alhamis bayan an tashi, na ja ƙawata Aziza gindin darbejiya don ta saurare ni. Aziza 'yar Kanawa ce, bakinta ya fi almakashin Baba kaifi, amma ita kaɗai take jure shiruna. Ta karɓi takardar ta dubi layin farko, sai ta daina taunar cingam.

"Ke malamar taswira, wa ya rubuta wannan?"

"Ni."

"Goggona 'Yar Yawon Duniya. Haka za ki faɗa? A lasifika? Babanki yana zaune?"

"Mene ne a ciki?"

"Tsaya tukuna. In an ce mace ta tafi yawon duniya, me ake nufi?"

"Ta tafi zaga ƙasashe mana."

Ta dube ni, ta dubi sama, ta dafa ƙirji. "Innalillahi. Duk littattafan nan da kike haɗiya kamar gero, ba wanda ya gaya miki?"

Ta matso ta faɗa mini a kunne. Ba zan rubuta kalmar da ta faɗa ba. Macen da ta bar gidansu ta kama ɗaki, maza na shiga suna fita, ita ake wa wannan laƙabin.

Na ce, "Ƙarya kike."

"Je ki tambayi Innarki. A'a, kada ki tambaye ta, mari za ki sha." Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta sassauta. "To ki ce ciwon ciki kike yi ranar. Ni zan ba da shaida, na iya."

"An riga an buga, Aziza. Na ga takardun a ɗaure a ofis. Da sunana, Raliya Jiya."

Ta miƙo mini takardar. Daga nan ta ce, "Kai. Sai dai ofishin ya kama da wuta."

Ban wuce gida ba. Ƙafata ce ta kai ni Kasuwar Gwari, ina tafe ina jin "Allah ya shirya" tana juyawa a kaina da sabuwar ma'ana. Jibi Baba zai riƙe takardar nan a hannunsa, a gaban abokan cinikinsa da 'yan layinmu, ya ga 'yarsa ta ɗauko abin da ya shekara takwas yana binnewa ta sa an buga. Kuma katunan fa? In ba yawon da nake nufi take yi ba, wa ya je Masar?

Na tarar da Mama Martha a bayan tarin doya tana cin dafaffiyar masara.

"A'a, yarinya na Malam Jiya! Doya ka zo saya?"

"Mama, ina Goggo take?"

Ta kawar da kai. "Ya ce kada in fada."

"Don Allah, Mama. Ƙasar kawai za ki gaya mini. Wace ƙasa take yanzu?"

Ta ajiye masarar ta dube ni. Sai ta fashe da dariya har tana dafa kafaɗar maƙwabciyarta. "Kasa? Wane kasa? Gidan Kwano ne! Kullum ina wucewa, ni ne ina kai masa doya. Bakin kofa na makaranta, ka ce Mama Kati, ko akuya zai nuna maka."

Ranar Juma'a da aka tashe mu, na riga na gaya wa Inna akwai gwajin taro. Ƙaryata ta farko mai girma ke nan, kuma na ji nauyinta har tafin ƙafa. Na taka zuwa tashar Kpakungu, na shiga motar da ke kwasar ɗaliban jami'a zuwa Gidan Kwano, a kan hanyar Bida. Na matse a jikin taga, littafin taswira da katunan a cinyata. Ban taɓa shiga mota ni kaɗai ba. Duk wanda ya yi tari sai in ɗauka ya san Baba.

Duk da haka na yi kallo. Gidaje suka ƙare, sai kunyoyin doya jere da sanduna, da masara ta kai ƙirji, da mata da kaya a kafaɗa suna tafe a gefen titi. Hadari ya haɗo daga wajen Bida. Na bi hanyar nan sau da yawa da salla, ina barci ko ina karatu, ban taɓa ɗaga kai ba. Ɗalibin da ke kusa da ni yana da agogo, na riƙa satar kallo. Minti ashirin da biyar. Shekara takwas ina neman ta tsakanin Masar da Japan.

Rumfa ta uku ce daga ƙofar jami'a, a hannun hagu, rumfar kwano da benci huɗu. Ɗalibai sun dawo daga masallaci sun cika ta, ana ta "Mama Kati, ƙara miya!" "Mama Kati, naman nan ya yi azumi ne?" Wata mata ta ba ni baya tana malmala sakwara. Ta ce wa mai maganar nama, "Kai ma ai ba ka yi ƙiba ba, ku yi haƙuri da juna." Aka yi dariya, ta juyo tana dariyar ita ma, na ga wushiryar.

"Ɗaliba, me za a zuba miki?"

Na zaro katin dalar Masar na ɗaga. Ta dubi katin, ta dube ni, ta ajiye marar a hankali.

"Raliya?"

Ta rungume ni, jikinta na ƙamshin hayaƙi da manja. Ta ture ni baya ta ƙare mini kallo, ta sake rungume ni. "Ji tsawo! Ji goshin Jiya! Wa ya kawo ki? Kin ci abinci? Zauna. A'a, ba nan ba, shigo ciki."

Can cikin rumfar ne na ga bangon. Kati ne tun daga ƙasa har rufi, sun fi ɗari, an lulluɓe su da farar leda saboda hayaƙi. Hasumiyar ƙarfe, masallaci mai shuɗiyar ƙubba, giwaye a bakin ruwa, gada rataye a kan teku. Na tsaya na kasa zama.

Sai da ɗaliban suka ragu ta zo ta zauna kusa da ni tana fifita da murfin kwali.

Na ce, "Goggo, duk nan kin je?"

"Ni? Ko Kaduna ban sani ba. Malaman nan na ciki ne. In ɗayansu zai tafi taro waje, sai in ce, Dakta, ban ce turare ba, ban ce atamfa ba, hoton garin za ka kawo mini. Wani ya sayo, wani ya ba ni wanda aka aiko masa in goge sunansa. Kuma in ya dawo, ba na zuba masa miya sai ya ba ni labari." Ta nuna wani kati da mara. "Wannan Dakta Gimba ne, Japan. Ya ce jirgin ƙasansu in ya makara da minti ɗaya sai an ba mutane haƙuri. Na ce namu na Minna ai sai dai ya yanka rago. Wancan garin ruwan kuwa, ya ce kyau kamar aljanna, amma da zafi wari yake kamar kwatar Kpakungu. Wannan dutsen, wai in ka kai sama numfashi guntu-guntu yake zama, shinkafa ma ba ta nuna da wuri. Kin ji abin da ya dame ni, a ce tukunya na tafasa amma ba ta dafawa."

Ta yi ta zuba, tana nuna wannan tana tsallakawa wancan, ƙafarta na rawa a ƙasa. Na dubi tawa ƙafar, ita ma rawar take.

"In na samu biyu iri ɗaya, ko wanda na ga zai yi miki, sai in ba Martha. Na tuna mai tambayar ina jirgi zai je."

Na ce, "Me ya sa kika tafi?"

Ta daina fifita. "Babanki ya ce in zauna a ɗaki har wani mijin ya fito. Na zauna wata bakwai ina ƙirga azarar rufi. Lokacin ana gini a nan, na ji magina ba su da mai dafa musu. Na ce zan zo. Ya ce ba 'yar gidanmu da za ta zauna a daji cikin maza tana miƙa kwano. Na ce to. Na ɗauki tukunyata. Sauran labarin matan layi ne suka ƙarasa masa."

"Bai san kina nan ba?"

"Bai tambaya ba, ni ma ban aika ba. Taurin kan nan gado ne." Ta miƙe ta buɗe tukunyar da ba ta bukatar buɗewa. Tana ba ni baya ta ce, "Nna fa? Har yanzu tana cin goro?"

Kaka take nufi. Na ce tana ci, sai dai yanzu ana goga mata, kuma kunnenta ya yi nauyi.

Daga nan na fito da labarin na karanta mata. Da na zo wurin raƙumin ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Wallahi da haka zan yi masa." Sai na gaya mata sunan labarin, da yadda aka buga shi, da abin da Aziza ta faɗa mini. Dariyar ta ɗauke. Ta daɗe tana kallon bangon.

"Kada ki karanta, 'yata. Ki kwanta ki ce zazzaɓi. Ni na saba da sunan, ke ba ki saba ba. Kuma babanki mutum ne mai kunya, kada ki tsayar da shi a rana."

Ta raka ni bakin titi kafin ruwa ya sauko. Ta ƙulle mini sakwara a leda, ta kuma damƙa mini farin goro ɗaya babba. "Ki ba Nna. Kada ki ce daga ina."

Da yamma na goga wa Kaka jan goronta kamar kullum, sannan na miƙa mata farin. Ta jujjuya shi a tafin hannu. "Wa ya ba ki?" Na ce wata mata. Ta dube ni ta ƙasan ido. Ba ta ci ba, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

Na yi niyyar zazzaɓin, har na gwada yadda zan yi nishi. Amma da na idar da sallar asuba ranar Asabar sai abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ko na kwanta, za a raba takardar. Za ta shiga hannun kowa da layin nan a jiki, ba mai ƙara mata ko kalma, kuma abin da matan layi suka faɗa shi za ta maimaita. Na juya bayan shafukan nan bakwai na fara wani rubutun. Shafi ɗaya da rabi ya zama.

Zauren taron ya cika, ba wuta, fankoki a tsaye, lasifika kaɗai ke aiki da batir. Ta gefen labule na ga ana raba takardun. Na ga lokacin da maganar ta fara tafiya, daga benci zuwa benci, mata na nuna wa juna da yatsa suna rufe baki da mayafi. Baba yana layi na uku cikin farin kaftanin da ya ɗinka don ranar, Kaka a gefensa. Ya sa tabarau yana bin layi da yatsa. Na ga inda yatsan ya tsaya. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu, ya zuba wa ƙasa ido.

Aziza ta matse hannuna. "Har yanzu za ki iya suma. Zan tare ki."

Malama Goodness ta kira sunana, ta karanta sunan labarin da Hausarta, da fara'arta duka. Ita kaɗai ta yi tafi.

Ban san yadda na isa gaban lasifikar ba. Na ce, "Assalamu alaikum." Amsar ta zo tsilli-tsilli. Na kafa idona a takarda.

"Kun ga sunan labarina. Ina shekara bakwai na ji an ce goggona Mariyamu ta tafi yawon duniya. Ban san abin da ake nufi ba sai shekaranjiya. Na ɗauka ƙasashe take zagawa, na yi shekaru ina bin ta a taswira, ina jiran ta zo ta tafi da ni. Jiya..."

Lasifikar ta ɗaga kalmar, Baba ya ɗago kai kamar an kira shi. Muka haɗa ido. Na kusa ajiye takardar.

"Jiya na je na gan ta. Tana Gidan Kwano, rumfa ta uku daga ƙofar jami'a, a hannun hagu. Tun ana gini take dafa abinci a wurin. Da asuba take ɗora doya. Ba ta taɓa wuce Bida ba. Amma ta san garin da ake zuwa unguwa a kwalekwale, ta san dutsen da shinkafa ba ta nuna a kansa, domin duk malamin da ya fita waje sai ya kawo mata hoto da labari kafin ta zuba masa miya. Bangonta ya cika da su. Wannan shi ne yawon duniyar da na tarar tana yi. Wanda bai yarda ba, motar tana tashi daga Kpakungu."

Na ƙare ke nan. Ba wanda ya motsa. Ina jin ƙarar yayyafi a kan kwanon rufi.

Sai wani mutum daga can baya, mai rigar masu gadi, ya miƙe. "Kai, ai Mama Kati take nufi! Shekara huɗu nake cin abinci a wurinta. Matar da ko yatsa ka nuna wa ɗaliba a rumfarta sai ta bi ka da muciya!"

Wasu suka yi dariya. Wata mata ta ce ɗanta ma can yake ci. Tafi ya fara daga baya, bai kai gaba sosai ba. Matan layinmu guda biyu suka duƙufa suna gyaran mayafi.

Cikin wannan ne muryar Kaka ta tashi. Da yake ba ta ji sosai, ba ta san tana ɗaga murya ba.

"Jiya! Rumfa ta nawa ta ce?"

Baba ya cire tabarau yana gogewa da gefen kaftani.

"Da kai nake. Ta nawa?"

"Ta uku, Nna."

Kaka ta dafa kafaɗarsa ta miƙe. Ta kwance bakin zaninta, ta dubi farin goron, ta mayar ta ƙulle. "To tashi."

"Nna, ba a gama taro ba."

"Ni na gama."

Ya zauna kamar minti ɗaya, duk zauren na kallonsa. Sannan ya gyara hularsa, ya ɗauki lemarsa, ya riƙe mata hannu. Tafiyar Kaka a hankali take, kuma sai sun ratsa benci goma sha wani abu kafin su kai ƙofa. Ban iya karanta fuskarsa ba. Ban san abin da zai ce mini ba in mun haɗu, ban kuma san abin da zai ce wa Goggo ba.

Abin da na sani shi ne Goggo ba ta san suna zuwa ba, kuma ranar Asabar ɗalibai ba su da yawa, doya kaɗan take ɗorawa.

Malama Goodness tana tambayar shugabar makaranta me ya faru, tana riƙe da kyautata a naɗe. Kowa ya juya yana kallon Kaka da Baba. Na ja da baya na shige bayan labule, na miƙa wa Aziza takardar, ta buɗe baki na ce ta yi shiru. Akwai ƙaramar ƙofa ta bayan zauren wadda ke fita wajen famfo. Na cire takalmina na riƙe a hannu don kada su yi ƙara a kan siminti. In na bi ta lungun bayan makaranta da sauri, zan riga su isa Kpakungu. Ina jin lasifika na kiran Raliya Jiya karo na biyu lokacin da na ja ƙofar a hankali na fita cikin yayyafin.